Tsuyako Mai Zaɓa Mana Masauki

A ƙauyenmu, da zarar an gama yankan shinkafa an kai buhuna sito, magana ɗaya ce a bakin mata: ina Tsuyako za ta kai mu bana? Kwana biyu ne kacal a shekara muke cin abincin da ba mu muka dafa ba, mu kwanta a shimfiɗar da wani ya yi mana, mu jiƙa ƙasusuwanmu a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga dutse. Wanda bai taɓa wuni sunkuye a fadamar shinkafa ba, ba zai gane ɗokin da muke yi ba. Ni dai tun ana saura wata guda nake ɗaure jaka in kwance.

Tsuyako faccalata ce, matar yayan mijina. Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai talla. Da tana budurwa kwandasta ce a motocin da ke hawa duwatsun yankinmu na Akita, shi ya sa babu kwanar da ba ta sani ba, babu kuma masaukin da ba ta taɓa sauke baƙi a ƙofarsa ba. Da ta yi aure a ƙauyenmu sai ta koma noma da jiƙa kabeji a gishiri kamar kowa, amma ƙafarta ba ta daina ƙaiƙayi ba. Tun ina amarya ita ke zaɓa wa ƙungiyar mata masauki, kuma ba mai gigin karɓe wannan aiki daga hannunta.

Ba ta yarda da hoto ba, ba ta yarda da waya ba. Da kanta take zuwa, ba sanarwa, ni kuma ina biye da ita riƙe da lema. Tana tuɓe takalmi a bakin ƙofa sai ta shiga ciki ta ɗan jima, ta waigo ta ga ko an juya mata su sun fuskanci waje. Ta roƙi a buɗe mata ma'ajiyar katifu ta cusa hanci. Ta hau matakala ta sauko don ta ji abin da gwiwar tsofaffinmu za ta ce. Sannan ta tambayi wanda ke girki. In aka ce surukar gidan ce, fuskarta ta washe. In aka ce daga gari ake kawowa a mota, sai ta yi godiya har ƙasa, muna fita ta ce da ni, “Masae, buɗe lemarki, nan ba wurin kwana ba ne.”

Manyan otal kuwa ba ta ko kallon su. Ta ce wurin da ba a san sunanka ba, ba a san ciwon bayanka ba.

Abin da ya fi komai daɗi a tafiyar shi ne wanka kafin cin abincin yamma. Ba a shiga kwamin ruwan zafi da datti, sai an wanke jiki tas a waje. Mu kuma muna da tamu al'adar. Mukan jera a kan kujeru 'yan tsugune, kowa ta cuɗa bayan ta gabanta, sannan a juya layi, wadda ta cuɗa a cuɗe ta. Cuɗe ni in cuɗe ki na gaske ke nan. Tsuyako kullum kusa da Kikue take zama. Shekara ɗaya aka kawo su ƙauyen a matsayin amare, tare suka sha wuyar surukai, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Sai aka gano Kikue na da ciwon daji, aka yi mata aiki aka cire mama ɗaya. Ta warke, ta koma gona, amma tafiya ta gagara. Shekarar farko ta ce jikanta ba lafiya. Ta biyu ta ce mura. Duk mun san dalili, ba wadda ta furta. A wurinmu kuma in mutum ya ƙi gayyata sau uku, ba a sake yi masa, don kada a takura shi. Wato in Kikue ta ƙi zuwa bana, ta fita daga tafiyar ke nan har abada.

Tsuyako ta ce ba a gabanta ba. Ta ja ni muka sauka wani ƙaramin gari, ta samo ɗan otal mai tsabta kusa da tashar jirgin ƙasa, da gadaje, kowane ɗaki da banɗakinsa. Ita da ke cewa gado na marasa lafiya ne! Ranar taro ta miƙe tana murmushi ta ce bana kowa za ta yi wankanta a ɗakinta, a huta da hayaniya.

Kikue ta ajiye kofin shayinta a hankali.

“Tsuyako, yaushe kika fara son wanka a akwati?”

“Zamani ne, ƙawata.”

“Zamani ko ni? Mata duk su yi shekara suna jiran ruwan dutse, ki hana su saboda ni? To na gode. Ku tafi lafiya, ina da aiki a gida.”

Ta sunkuya ta gaishe mu, ta fita. Tsuyako ta manta abin da kowa ya sani: Kikue gara ta haɗiye garwashi da a ce ta zame wa mutane kaya. Muka kama hanyar gida ni da Tsuyako, sai da muka kai ƙofarta ta juyo. “Na yi wauta. Amma wannan ba ƙi na uku ba ne, tunda ba a tafi ba. Gobe da lemarki.”

Mun sha yawo a makon nan! Mota ta hau da mu ta sauko, ganyen duwatsu ya yi ja ya yi rawaya, Tsuyako tana gaba tana koya wa direba aikinsa. Wani masaukin ta ce madubai sun yi yawa a wurin wanka. Wani ta ce fitilunsa kamar na asibiti. Sai a ƙarshen wata hanya, inda mota ke juyawa, muka tarar da wani tsohon gidan katako mai ɗakuna kaɗan. Tun daga nesa warin farar wuta ya tare mu, kamar an fasa baragurbi. Uwar gidan ta fito da gudu ta durƙusa, kafin mu waiga an juya takalmanmu. Katifu suna ƙamshin rana. Mijinta ne ke tsinko naman kaza a dutse, ita ta dafa.

Da aka buɗe mana ɗakin wanka Tsuyako ta damƙe hannuna har na ji zafi. Wurin cuɗa dogo ne siriri a jikin bango, ba madubi ko ɗaya. Ruwan kwamin kuwa fari fat kamar ruwan wankin shinkafa. Ta tsoma hannu, hannun ya ɓace.

“Masae, kin gani? Kin gani? In Kikue ta zauna a ƙarshen layi kowa ya ba ta baya. In aka juya, bayanta kawai za a gani. In ta shiga ruwa kuma, sai wuya da kai!”

Wannan karon ba ta kira taro ba. Kai tsaye ta tafi gidan Kikue, ta same ta tana rataye farin rogon lambu a rana, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Na fasa otal ɗin. Gwiwata ke ciwo, na samo ruwan da ke maganinta, wadda ba ta so ta zauna. Kuma ke, shekara biyu ba a cuɗa min baya ba.”

“Ga Masae nan.”

“Masae? Hannunta kamar kyanwa na shafa ki. Dubi wuyana, har ya fara tsiro.”

“Da ma can ƙazama ce ke,” in ji Kikue, ba ta ko waigo ba. Amma na ga kafaɗarta na rawa, tana ɓoye dariya.

Ranar tafiya muna cikin mota, injin na ruri, sai ga Kikue tafe da 'yar jakarta. Mata suka sa guɗa da tafi, Iya Tome, wadda ta fi mu tsufa, har da buga sanda a ƙasa. Aka buɗe ƙunshin lemo da dafaffen ƙwai, aka yi ta waƙa har muka isa. Ni kam zuciyata kamar ta fito don murna.

Uwar gidan ta tare mu a ƙofa, fuskarta cike da fara'a. Ta ja Tsuyako gefe ta ce, saboda manyan baƙi irinmu, ita da mijinta sun zubar da tsohon ruwan, sun goge kwamin, sun tara sabo ɗazu ɗazu. Mu ne za mu fara shiga. Tsuyako ta yi godiya ta sake godiya, don ba ƙaramar karramawa ba ce. Sai da muka leƙa muka ga abin da aka yi mana. Ashe ruwan nan garau yake fitowa daga dutse, sai ya kwana yana shan iska yake yin fari. Ga shi nan kwance, ana ganin kowane ƙulli na katakon ƙasa.

“Wayyo ni,” in ji Tsuyako. “Kirki ya kashe ni.”

Ba damar fasawa, mata har sun fara tuɓewa. Aka jera a wurin cuɗa, Kikue a ƙarshe, ta rufe ƙirji da ɗan tawul. Kowa ta kafa ido a bayan ta gabanta. Na ji Tsuyako na cewa, “Yauwa, nan, ƙasa kaɗan, kai, hannun nan na yi kewarsa.” Aka juya layi. Tsuyako ta kama bayan Kikue ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu, ta sake cuɗawa, idonta na kan kwamin ko zai tausaya ya yi fari. Mu kuma ba wadda ta iya tashi. Sanyi ya fara kama mu, Iya Tome ta yi atishawa.

“Ke Tsuyako,” in ji Kikue, “fata za ki saɓe min, ko tukunya kike kankarewa?”

“Akwai sauran datti.”

“Babu. Ruwan ne bai yi abin da kika aike shi ba. Kin ɗauka ban san warin farar wuta ba? Ni ma 'yar dutse ce.”

Ta miƙe. Tawul ba ya taɓa ruwan kwami, wannan ko yaro ya sani. Ta tsaya a bakin ruwa jim kaɗan, sannan ta janye shi daga ƙirjinta, ta ninke, ta ɗora a ka. Ta shiga, ta juyo ta fuskance mu. Tabon yana nan, dogo, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata.

“To ga shi. Ku kalla sau ɗaya ku huta, kun sunkuyar da kai kamar masu neman allura.”

Muka kalla. Na ji hawaye ya cika min ido, tausayi da kunya da murna duk a haɗe. Iya Tome ce ta dogara bango ta taso, ta leƙa da kyau, ta ce, “Wannan likita ya iya ɗinki. Ki ga nawa na ciki, kamar an ɗinke buhu.” Kikue ta tuntsire da dariya, sai duk muka faɗa ruwan kamar agwagi, ana nuna tabo ana gardamar na wa ya fi muni. Tsuyako kaɗai ta rage a kan kujera, ta juya mana baya tana ta watsa ruwa a fuska. Ta ce sabulu ne ya shiga idonta.

Daren nan an ci naman kaza da gasasshen kifin rafi, Kikue ta ƙara shinkafa har sau biyu. Da safe muka koma wanka, ruwa ya yi fari fat, yadda Tsuyako ta so shi jiya. Kikue ta tsoma hannu ta ga ya ɓace, ta yamutsa fuska.

“Ƙawata, baɗi ki nemo mana mai ruwa garau. Wannan wari zai bi ni har gida.”

“Baɗi?” in ji Tsuyako.

“Baɗi mana. Wa zai cuɗa miki wannan bayan naki?”

Ko mako ba mu yi da dawowa ba, dusar ƙanƙara ta fara sauka, na ji ana buga min ƙofa da sassafe. Tsuyako ce, ta sha rigar sanyi har wuya, tana cewa in yi sauri in ɗauko lema kada mota ta tafi ta bar mu.