Ginshiƙan da Ba a Binne Ba

Na ga abubuwa a rayuwata, wasu sun shuɗe har ban iya tuna shekararsu, amma ranar da na durƙusa da babbar rigata a ƙarƙashin fadar wasu mutane a tsibirin Sumatra, ita kam har in koma ga Allah tana nan a raina.

Ni direban bas ne a Landan, na fi shekara ashirin ina wannan aiki, muna zaune a wani flat na council, gidan hayar hukuma, a Tottenham, ni da matata. Amma asalina ɗan magini ne daga Zariya. Mahaifina da hannunsa yake ɗora tubali, ya jera azara, ya fitar da zankwaye a saman soro, ni kuma da ƙafata na taka masa ƙasa tun ina ƙarami. Shi ya sa har yau in na ga gini sai na tsaya na ƙare masa kallo, ko da matata za ta yi ta tsaki.

Ɗanmu ɗaya ne tak, namiji, a nan aka haife shi. Irin yaran nan ne da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Wata Juma'a bayan mun fito daga masallacin Regent's Park ya ce mini ya ga yarinyar da yake so, ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta 'yan ƙabilar Minangkabau ne daga Indunusiya. Na ce Musulma ce? Ya ce har ta fi shi karatu. Na ce to madalla, an gama.

Sai na yi abin da na san ana yi. Na je Old Kent Road na sayo goro da alewa, na ɗauki abokaina biyu dattawa, muka sha manyan riguna muka tafi wajen mahaifin yarinyar neman aure. Mutumin ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo shayi, na yi jawabina tsaf. Da na gama sai ya yi murmushi ya ce shi ya yi murna, kuma ranar ɗaurin aure shi ne waliyyi kamar yadda addini ya ce, amma maganar nema ba tasa ba ce, ta kawun yarinyar ce, yayan mahaifiyarta, wanda ke can gida a Sumatra.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi a gaban abokaina. A wajenmu in uba ya ce maka je ka ga wani, ai ya sallame ka ne cikin mutunci. Muka kwashi ƙafa muka fito, goronmu ko buɗe shi ba a yi ba.

A gida ne yaron ya ƙarasa ni. Ya ce a al'adarsu gida na mata ne, dangin mace ne ke zuwa neman ango, miji ne ke tarewa wajen dangin matarsa, 'ya'ya kuma a zuriyar uwa ake lissafa su. Ya ce in an yi auren za su zauna kusa da mahaifiyarta. Na miƙe tsaye na ce, "Kai, tsaya! Namiji na haifa ko mace? Ni za a zo a ɗauke wa ɗa kamar amarya? To ban yarda ba, kuma ba da albarkata ba."

Bai yi musu ba. Ya ce ba zai yi aure ba tare da albarkata ba, ya ɗauki jakarsa ya fita. Wata uku muna haɗuwa a masallaci ya gaishe ni in amsa a daƙile, shi ke nan. Ya daina zuwa cin tuwon Lahadi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina gani, raina yana ƙuna, amma girman kai ya hana ni magana.

Ana nan sai kawun ya aiko cewa yana roƙon in zo in ga gidansu da idona kafin in yanke hukunci. Na ce ba inda za ni. Matata ta ce, "Alhaji, na riga na yi booking, da ni da kai da yaron. In a'a za ka ce, je ka faɗa musu a gaban idonsu, ka daina cika mana baki a falo." Na ce zan je ɗin, kuma a'a zan ce. Da wannan niyya na hau jirgi.

Kawun ɗan tsamurmurin tsoho ne, tsohon kafinta, yana jin Turanci daidai gwargwado. Na shirya masa maganganu tun daga Landan, amma ko kusa bai taɓo zancen aure ba. Kwana biyu yana ciyar da mu abinci mai yajin da ya sa ni hawaye, a rana ta uku ya ce mu je ya nuna mana fadar sarakunansu na da.

Da motar ta sha kwana na hango ta, sai na ji bakina ya ce, "Tabarakallah!" ba da shawarata ba. Rufin ya lanƙwashe a tsakiya, gefe da gefe ya yi sama ya tsine kamar ƙahon ɓauna, wani a kan wani, an yi masa jinka da wani baƙin zaren bishiya. Nan take zankwayen mahaifina suka faɗo mini a rai. Bangon duk katako ne, babu inda za ka sa tafin hannu ba ka taɓa sassaƙa ba, ganye da furanni sun sarƙe da juna, ja da baƙi da ruwan zinariya. A gaba ga rumbun shinkafa a tsaye kan dogayen ƙafafu, shi ma da nasa ƙahon. Matata ta tafi wajen masu ba da hayar kayan gargajiya don a ɗauke ta hoto, ni kuwa na nufi ƙarƙashin ginin, domin duk fadar a kan ginshiƙai take, ɗan magini kuma harsashi yake fara dubawa.

Na tattare riga na durƙusa. Abin da na gani ya sa na ƙara matsawa. Ginshiƙin ba a haƙa masa rami ba, ba a binne shi ba, an dai ɗora shi ne a kan wani faffaɗan dutse. Na duba na biyu, na duba na uku, duk haka. Na juyo na ce wa kawun, "Malam, wannan ai ganganci ne. Babana da ya ga wannan, da ya kori maginin tun kafin azahar."

Tsohon ya yi dariya ya tsuguna kusa da ni. Ya ce ƙasarsu tana yawan girgiza. Ginshiƙin da aka binne, in ƙasa ta motsa sai ya karye, domin an hana shi motsi. Wanda aka ɗora a kan dutse kuwa sai ya ɗan gusa ya dawo, gidan ya yi rawa ya tsaya. Ya kama hannuna ya ɗora a mahaɗar katako biyu, ya ce in laluba in ji ko akwai ƙusa. Babu. An fafe wannan an zura wancan, an soka ɗan itace ya riƙe su. Na daɗe ina shafa wajen, ina jin daɗin aikin mutumin da ban taɓa gani ba.

Muka cire takalma muka hau matakala. Ciki wani dogon zaure ne, katakon ƙasa yana sheƙi, a gefe guda ga ɗakuna a jere. Ya ce haka manyan gidajensu suke, kowace 'ya mace da ɗakinta, in ta yi aure mijin ya same ta a ciki. Matata da ta iso cikin wata jar riga mai nauyi ta ce, "Ka ji ko, Alhaji? Da a nan ne, ni ce mai gida." Na yi kamar ban ji ba.

Na tambaye shi, "To ina ɗakin ɗa namiji?"

Ya ce babu. Namiji in ya tasa sai ya koma kwana a masallaci yana karatu, daga nan ya fita duniya neman na kansa. Ya ce shi kansa ba shi da ɗaki a gidan uwarsa, amma ba a ɗaura aure ko a raba gardama a gidan sai an kira shi. Ya ce ɗansa na cikinsa yana gidan wasu, kuma ranar da aka zo tafiya da shi sai da ya ɓuya ya yi kuka. Sai ya dube ni ya ce, "Kai fa, shekara nawa da barin gidan mahaifinka?"

Na ce an kusa talatin.

Ya ce, "Da za ka tafi, ya sa maka albarka?"

Tambayar ta mayar da ni Zariya. A cikin 'ya'yan mahaifina ni kaɗai na iya gini, ni yake sa ran zan gaje shi. Ranar da na ce zan tafi Turai bai ci abinci ba. Amma da safe ya rako ni tasha da ƙafa, hannunsa duk busasshiyar ƙasa, ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, ya juya da sauri don kada in ga fuskarsa. Ban sake zama a gidan nan ba. Ya rasu ina kan aiki a Landan, zankwayen da ya gina kuma damina ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya, babu mai yaɓe. Ni da aka sake ni na tafi wata duniya, ni ne nake tayar da jijiyar wuya don ɗana zai koma unguwar da bas ɗin da nake tuƙawa ke bi ta ƙofarta kullum. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Da na sauko, sai na ga yaron a gindin matakala. Bai shiga ba, ashe tun ɗazu yana tsaye cikin rana riƙe da takalmana don kada su yi zafi. Ya sunkuya ya ajiye mini su ba tare da ya ɗago ido ba. Na dafa kansa na ce, "Allah ya yi maka albarka, kai da ita." Yaron da bai taɓa amsa mini da Hausa ba sai na ji ya ce, "Amin, Baba. Na gode." Na juya da sauri ina kallon rumbun shinkafa.

A Landan aka ɗaura auren. Danginta suka zo har Tottenham neman ango kamar yadda suke yi, ni kuma na fito da sabon goro na raba musu, suka tauna suna yamutsa fuska muna dariya. Yanzu jikata, 'yar da ɗana da matarsa suka haifa, ta fara tafiya, kuma duk Lahadi suna nan a falona, surukata ta iya tuƙa tuwo har tana gyara wa matata miya.

Abin da na koya a ƙarƙashin fadar nan shi ne, ɗa ba a binne shi a gindinka don tsoron kada ya tafi. Ka sa masa albarka ka bar shi ya motsa, zai dawo. Mahaifina ya san haka tun a tashar Zariya, ni kuwa sai da na tsallaka teku, na durƙusa a gaban ginin wasu, sannan na gane abin da ya yi mini.