Gwaggo Hajo Mai "Ba Yau Ba"

Duk wanda ya san Gwaggo Hajo ta Tajaye ya san kallon nan nata. Kana gaishe ta, tana bin ka da ido daga ka har diddige, ashe likkafaninka take aunawa! Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Abu ɗaya ke cin ranta: duk tsoro ya hana mu koyon aikin, ta kuwa rantse ba za ta mutu ba sai ta sami mai wanke ta daidai. Kowa ya yi mata zancen mutuwa, amsar ɗaya ce: "Ba yau ba."

Da ciwon daji ya kama ta a nono, tsofaffi suka yi caa, wai daji ba ya son ƙarfe, kada wuƙa ko allura ta taɓa shi. Maƙwabciyarmu Inna Tabawa har da ƙullin garin magani ta zo.

"Hajo, ruhwa ma kanki asiri. Ƙarhe tunzura shi shikai."

"Tabawa, ni ka wankin matan garin ga. Na ga waɗanda sunka ɓoye nasu cikin zane, ƙarhe bai taɓa su ba. Suna ina yanzu? Rabi, ɗauko kayana mu tahi asibitin Yamai."

Ni ce Rabin, ɗiyar ƙanenta, ni na yi ta jigilar raka ta. Aka cire nonon, muka ɗan sarara, sai ciwon ya ɓulla a ƙashin bayanta. Likitan, wani dogon saurayi, ya yi ta kwana-kwana kafin ya ce yanzu kam ba a warkar da shi, sai dai a riƙe shi da ƙarin ruwa da ƙwayoyi, a rage mata zafi. Ni tuni na fara hawaye. Ita ko sai ta kafe shi da kallon nan.

"Ɗana, to riƙe shi mana, mi kake jira? Kai ma dai ranar taka za ka ci yadi, wanga tsawo haka!"

Ƙarin ruwan ya zubar mata da gashi kaf. Mata suka cika ɗaki suna sharɓe hanci, ta fizge kallabi ta shafa kan.

"Na huta da zaman kitso. Wadda ta kawo hura ta aje, wadda ta kawo kuka ta koma da abinta."

Da tafiya ta fara gagararta, sai ta ritsa ni. Ta sa na shimfiɗa tabarma, ta miƙe samɓal ta rufe ido, wai in gwada wankan a kanta da ƙwarya ba ruwa. Na durƙusa kusa da ita. Na kama hannun hagu.

"Dama, sakarya! Da dama aka hwarawa!"

"Gwaggo, gawa fa ba ta magana."

"Wagga tana yi!"

Haka muka yi ta yi kullum bayan ta sha ƙwayarta: yadda ake rufe jiki, yadda ake juya mutum a hankali, ɗumin ruwa, ganyen magarya. Ran da na yi komai daidai sai ta yi tsit. Na girgiza ta. Ta buɗe ido ɗaya.

"Ba yau ba. Amma kin iya. In kin kai ga tabon, kada ki kau da kai, ni ban ji kunyarshi ba."

Ta ga kakar gero ta wannan shekarar, ta ga ta gaba. Ran da ta cika, ni na shiga da ruwan. Na fara da dama. Na kai ga tabon, ban kau da kai ba. Ina yi ina jiran ta ce mini sakarya, ba ta ce ba, a nan ne kuka ya ƙwace mini.

Allah Ka wanke Gwaggo Hajo daga zunubi yadda ta wanke bayinKa da tausayi. Ka sa ciwon ya zama kaffara, Ka sanyaya mata makwanci. Amin.