Darar Kefas Ta Cikin Mota

Akwai abin da na ji da kunnena a bayan katangar Kefas, wanda in na faɗa muku sai kun riƙe baki. Zan faɗa, amma ku dakata. Ba a fara cin tuwo daga tsakiya.

Kefas malamin ɗakin shan magani ne. An turo shi Kurfi daga kudancin Zariya tun ana kashe sule da sisi, shi da matarsa Justina da akwati ɗaya. Shekara sha tara yana wa mutanen garin allura. Wallahi babu mazaunin da bai san hannunsa ba, daga Tamawa har Ɗantutture. Amma sunansa? Baƙo. Yaran da ya tsira wa allura suna goye sun fara gemu, su ma Baƙo suke ce mishi.

Abin da ke cin ransa shi ne inuwar tsamiyar bakin kasuwa, inda manya ke dara bayan la'asar. Gurbi talatin a ƙasa, wannan da karare sha biyu, wancan da tsakuwa sha biyu, ka jera uku ka ɗauke na abokin wasa ɗaya. A nan ake sanin wa ya isa. Sarkin wurin kuwa Malam Ummaru mai jima, wanda aka ce rabon da a ci shi tun kafin a yi hanyar mota. Kefas ya yi ta tsayuwa a bayansu har ƙafarsa ta yi saiwa. Ran nan ya nemi a ba shi hannu, aka yi dariya, Malam Ummaru ya ce, «Baƙo, ran da ka ci ni, zan kira sunanka a gaban jama'a, in matsa maka kan tabarma.»

Wasa ya yi. Kefas ya ɗauka wasiyya ce.

Sai ya shiga koyo kamar zai ci jarrabawa. Ya gane wasa tun wurin dasa ƴaƴa ake cinsa, ba wurin turawa ba. Ya gane jera huɗu haɗama ce, ba a ci da ita. Ya gane gurbin da babu kowa ake kallo, ba ƴaƴan da ke hannu ba. Ya koyi ɗaure fuska, har Justina ta ce kamar ta auri turmi. Ya haƙe tsakar gidansu da gurabe, kajinta suka riƙa ɗingishi.

Yana gab da ƙwarewa, a tamanin da ɗaya, aka yi mishi canji zuwa Dutsin-Ma. Da wani ne, da ya haƙura. Shi kuwa sai ya zana gurabe a kwali, ya kai wa Jibo direba, mai jigila tsakanin garuruwan nan biyu, ya ce ya nuna wa Malam Ummaru inda ya dasa, ya kawo mishi amsa. Jibo ya karɓi goro ya ce an gama. Kwali ya riƙa tafiya yana dawowa, taku ɗaya a kowace tafiya, wasa guda sai ya ci damina. An ci shi na farko, an ci shi na biyu. Bai ji haushi ba, don a ganinsa gwani ke horar da shi. Har a coci yana faɗa wa mutane cewa shi da Malam Ummaru suke bugawa.

A shekara ta uku ya ci.

Ya saka kwat ɗinsa ta Lahadi, ya shafe takalmi har ƙuda na zamewa, ya hau mota zuwa Kurfi da kwalin a hammata. Tun daga tasha ya ga ƴan kamasho na taɓa juna. Ya isa gindin tsamiya, ya tarar da Malam Ummaru jingine can gefe, ba ya cikin wasan, idanun sun yi fari fat. Ya gaishe shi, ya ce ya zo a cika alkawari.

Tsohon ya karkata kai. «Muryar Baƙo nake ji? Wace dara kuma? Ni rabona da ganin gurbi tun shekarar da ka tashi.»

Ashe Jibo sau ɗaya ya kai mishi kwalin, tsohon ya ce darar da ke hawa mota ba dara ba ce. Jibo kuma ya ga goro na zuwa, ga abin nishaɗi, sai ya riƙa shimfiɗa kwalin a tasha, ƴan kamasho da mai shayi da duk fasinjan da ke jira su sa baki. Shekara uku Kefas na kokawa da tashar Kurfi, gari duka ya sani, ban da shi. Ba wanda ya yi dariya a gindin tsamiyar, kuma ba wanda ya matsa. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya kalli wasa ɗaya, ya biyo motar Jibon ya dawo, don babu wata.

To, ga abin da na ce zan faɗa. Katangarmu ɗaya da shi a Dutsin-Ma. Kullum bayan la'asar sai in ji maza biyu na magana a gidansa, alhali ba wanda ya shiga. Rannan na kifa turmi na leƙa. Kefas ne tsugune gaban gurabe, ya tura kara, ya zagaya ɗaya gefen ya tura tsakuwa. Da ya ɗauke ta ƙarshe sai ya shaƙe murya irin ta tsoho, ya ce, «Kefas, ka ci. Ku matsa wa Kefas.» Ya gyara wata guntuwar tabarma, ya zauna a gefenta, ya bar rabin.

Nan turmin ya goce da ni.

Bai ko tashi ba. Ya ɗago kai ya dube ni ina rataye a katanga kamar shanya.

«Lado, na san gobe kasuwa za ta ji,» in ji shi. «Je ka faɗa. Amma in za ka faɗa, ka faɗi sunana.»