Gyaɗa a Ruwan Kanwa

Ka san maganin nan na ciwon kai da ake jefawa a ruwa ya yi ta tafasa? Har yau in na ji wannan shuuu ɗin, gabana faɗuwa yake. 'Ya'yana dariya suke yi mini, wai uwarsu tana tsoron ƙwayar magani. Nakan ƙyale su. Amma kai da kake karatu, bari in gaya maka inda sautin yake kai ni.

Wani ƙauye yake kai ni a bayan Dogon Kiriya, gindin bishiyar bedi da ke tsakar gidanmu. Ina 'yar ƙarama babanmu ya tafi. A shekarar hatsi bai yi ba, sai ya bi samarin gari ta Agadas, neman aiki a Libiya. Ya ce kafin ruwan shuka zai dawo. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke hatsi, ba shi ba labarinsa. Waɗanda suka dawo kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce ya gan shi yana aikin gini, wani ya ce motarsu ce ta ɓace a cikin rairayi. A lokacin ba waya, sai abin da baki ya kawo.

Gidan ya rage daga Kaka, uwar babanmu, sai innarmu, sai ni. Wana yana kwaleji a Dogon Dutsi, sai hutu muke ganinsa. Kaka ta yi bori a ƙuruciyarta, ta bari, ta kama sallah, amma ba duk abin da ta sani ta zubar ba. Babanmu ɗan farinta ne, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mai tahiya" kawai take ce masa.

Duk Juma'a da safe, in an gama shara, sai ta fito da wani kofin gilashi da babanmu ya taɓa kawo mata tsaraba. Ba a shan ruwa da shi. Takan jiƙa kanwa ta tace, ta jiƙa tsamiya ta tace, ni kuma aikina in ɓare gyaɗa in zaɓo ƙwaya mai lafiya. Da ta haɗa ruwan biyu sai kumfa ta taso kamar za ta zube, warin kanwa da tsami ya bugi hanci. In ta lafa, Kaka ta yi bisimilla ta saki gyaɗar. Tsulum, sai ƙasan kofi.

Nan ne numfashina yake tsayawa. Innarmu ba ta taɓa matsowa ba, tana can bakin turmi ta ba mu baya. Amma taɓaryarta takan tsaya cak, gidan ya yi tsit, sai kukan kurciya. Ƙananan kumfa su riƙa manne wa gyaɗar kamar raɓa a ganye. Ta yi motsi, ta jirkice, sannan a hankali ta taso har saman ruwa.

"Ga shi nan, ya tashi," in ji Kaka. "Shina da rai."

Sai ka ji taɓarya ta ci gaba. Gyaɗar takan juya a sama, ta nutse, ta sake tasowa, Kaka ta ce yana tafiya ne yana hutawa. Daga nan ba ta ƙara ko kiftawar ido. Tun ruwan yana tafasa take zubar da shi a gindin bedi. In na yi ƙorafi ban gaji da kallo ba, sai ta ce ya isa, kada mu gajiyar da shi. Ni kuwa na yarda ɗari bisa ɗari. Da wannan gyaɗar nake yin barci har wata Juma'ar.

Shekaru suka tura. Kawunnaina suka riƙa zuwa daga Tibiri, suna cewa malamai sun ce innarmu ta yi jiran da ya wuce wajibi, ta koma gida. Ita kuwa sai ta ce a ƙara haƙuri. Ba ta faɗi dalili ba, amma kowa ya san kofin Kaka ne ya riƙe ta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, dariyarta ta ɗauke.

A wata bazara wana ya zo hutu, da ɗan gemu da wando iya ƙwauri. Ya fara zama wurin wa'azin samarin 'yan kasuwa, ga kuma karatun lakwal, wato makarantar boko. Kada ka ɗauke shi mugu. Duk cikinmu ba wanda ya kai shi son babanmu, da hauyarsa ma yake noma. Ganin innarmu ne ya kasa jurewa.

Ran Juma'a ya zo ya tsuguna kusa da mu. Kaka ta tsokane shi yadda kakanni suke yi: "Maigidana, yau ka zo ganin aikin matarka?" Bai yi dariya ba. Gyaɗa ta nutse, ta taso, Kaka ta faɗi maganarta, ta miƙa hannu za ta zubar. Sai ya riga ta riƙe kofin.

"Kaka, bar shi. Yau mu gani har ƙarshe."

Ya ce mushensu, wato malaminsu, ya nuna musu wannan a aji. Kanwa in ta haɗu da tsami gaz, wata irin iska, take fitarwa, kumfar ce take ɗaga gyaɗar, in ta fashe a sama gyaɗar ta koma ƙasa. "Ko don jaki kinka jehwa ta, sai ta tashi. Gaibu Allah kaɗai ya san shi."

"Sake mini kohin ga," in ji Kaka. "Na roƙe ka."

Ban taɓa jin ta roƙi kowa ba sai ranar. Bai saki ba. Muka zuba ido. Gyaɗar ta taso, ta nutse. Ta sake tasowa da ƙyar. Sautin ya riƙa raguwa. Can ta taso rabin kofi ta koma. Daga ƙarshe ta yi ɗan motsi a ƙasa, kamar mai son tashi daga tabarma, sai ta kwanta. Ruwan ya yi shiru. Da na waiwaya, ga innarmu tsaye a bayanmu da taɓarya a hannu. Ranar ce kaɗai ta matso.

Ba wanda ya yi kuka a gaban wani. Kafin damina aka yi sadakar babanmu, ba gawa ba kabari, kawunnaina suka zo da amalanke suka tafi da innarmu. Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta: ta yi wani auren a Tibiri, ta murmure, na sake jin dariyarta. Duk abin da wana ya faɗi haka yake. Amma ni da aka bari wurin Kaka na ga ɗaya gefen. Ta daina zama tana fuskantar hanya, ta daina tambayar 'yan kasuwa wa ya dawo. Wata rana na tambaye ta ko da ma ta san gyaɗar za ta kwanta.

"Ni da na tsuhwa bakin murhu? Na sani mana. Don hakanan nika zubarwa."

Ba ta daɗe ba bayan nan ta rasu. Babanmu kuwa har yau ban san inda ƙasa ta rufe shi ba, wannan rashin sanin yana cina.

Yanzu a Dogon Dutsi nake aure. Zamani ya sake, kowane matafiyi da waya a aljihu, daga tsakiyar rairayi ma aiko murya suke yi. Na ɗauka jira irin namu ya ƙare. Ashe shirun waya ya fi na da ciwo, don kana riƙe da ita a hannu. Wana ya zama babban ɗan kasuwa, gemunsa ya yi fari, a sahun gaba yake sallah. Bara babban ɗansa ya bi hanyar arewa. Muryarsa ta ƙarshe daga bakin teku ta zo, ya ce gobe za su shiga jirgin ruwa. Tun daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba.

Kwanan baya, ran Juma'a da hantsi, sai ga wana a gidana. Bai tsaya falo ba, ya zo ya zauna a ƙofar madafa, inda ban taɓa ganin ya zauna ba.

"Kina da kanwa?" ya ce.

Na ɗauko kanwa da tsamiya da kofin gilashi. Na jiƙa, na tace, na ɓare gyaɗa. 'Yata ta matso da murna, ta fara bayanin yadda suka yi irinsa a lakwal. Ya ce mata, "Na sani, ɗiyata. Na hi ki sani." Sannan ya yi ta istigfari a hankali, idonsa a kan kofin.

Gyaɗar ta nutse. Kumfa ta rufe ta, ta jirkice, ta taso. Kafin in buɗe baki ya fizge kofin, ya watsar da ruwan a ƙasa tun yana tafasa. Ya miƙe, ya sa takalmansa, bai dube ni ba.

"Juma'a ina sake zowa," ya ce.