Hajo Tela, Wadda Ta Haƙa Salgar Makaranta

Haihuwarta

An haifi Hajo a garin Bugaje cikin daminar shekarar 1941. Mahaifinta shi ne Malam Lawwali manomi, mahaifiyarta kuwa Safiyatu mai saƙar faifai, 'yar asalin garin Kusa. Tun tana ƙarama aka shaide ta da kaifin basira da kaifin baki, halaye biyu da ba su rabu da ita ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Karatun da aka katse

A shekarar 1949, da hukuma ta nemi kowane gari ya ba da yara, aka kai ta makarantar elementare a Jibiya, ta zauna gidan gwaggonta. Cikin wata biyu ta fara gane baƙaƙe, har malami yana misali da ita. Sai dai tana da wata lalura: fitsari kan matso ta farat ɗaya da rana tsaka, kafin ta kai bayan gida ya kubce mata. Ranar da abin ya same ta a cikin aji, sai aka yi mata maganin da ake yi wa mai fitsarin kwance: aka shafa mata toka, aka ɗaura mata kwaɗo a ƙugu, yara suka zaga unguwa da ita suna tafi da eho, wai kunya ce za ta warkar da ita. Da labari ya kai Bugaje, mahaifinta ya zo ya ɗauke ta a ranar. Karatun Hajo ya ƙare ke nan tana da shekara takwas, ba don daƙiƙanci ba, ba don rashin ladabi ba, sai don zane ɗaya da ya jiƙe. Tir da wannan magani! Lalurar ma da kanta ta tafi bayan shekara uku, amma makaranta ba ta dawo ba.

Aure da sana'a

A shekarar 1958 aka ɗaura aurenta da Kalilu Nagoggo, direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi, suka zauna a Jibiya kusa da hanyar iyaka. Ta sayi keken ɗinki a 1965. Da arzikin man fetur ya buɗe, hanyar ta cika da motoci maƙare da siminti da atamfa da rediyo, ita kuwa ƙafarta ba ta sauka daga kan keke. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Kalilu bai yarda an sa manyan 'yan matan a boko ba, saboda haka duk burin Hajo ya tattara a kan autarta Luba, wadda aka haifa a 1969.

Shekarar 1976

A watan Satumba na 1976, da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, Hajo da kanta ta riƙo hannun Luba ta kai ta sabuwar makarantar da aka gina kusa da tashar manyan motoci. Ɗan kwangila ya yi aji shida, ya rufa kwano mai walƙiya, ya sha yabo, ya hau sabuwar mota, amma ko salga ɗaya bai haƙa ba. A ƙasar da ake ce mana kuɗi ya yi yawa! Yara sama da tamanin ne a aji guda. Maza kan zaga bayan bango, 'yan mata kuwa ba su da wurin tsuguno sai bayan tasha, a idon direbobi. Malamin aji ɗaya, wani Malam Ya'u da aka ba horon 'yan watanni aka miƙa masa alli da bulala, ya kafa dokar cewa ba mai fita sai an buga ƙararrawa.

Luba ta gaji lalurar uwarta. Wata rana cikin Nuwamba ta ɗaga hannu sau uku, Malam Ya'u bai ko dube ta ba. Da abin ya faru, sai ya tsayar da ita a kan benci da jiƙaƙƙen siket, ya umarci aji su yi mata eho. An bar jaki ana dukan taiki. Da Kalilu ya dawo daga Maraɗi ya ce a cire ta a huta da abin kunya, Hajo ta miƙe tsaye ta ce: "Wallahi maigida, an yi mani, ba a yi ma ɗiyata. Sai ta zauna ajin nan."

Kuskurenta

Tarihi ba ya ɓoye gaskiya. Cikin zafin zuciya Hajo ta hana Luba ruwa da koko tun daga asuba har a tashi makaranta, bisa lissafin cewa tulun da ba ruwa ba ya yoyo, in kuma aka samu kuskure ta haɗa mata da mari. Da bazara ta kama, cikin Afrilun 1977, yarinyar ta yanke jiki ta faɗi a hanyar gida, ga zazzaɓi, ga fitsari mai zafi kamar barkono. A asibiti suka gamu da wata nas mai suna Maryamu Istifanus, wadda ba ta rage wa Hajo komai ba. Ta shaida mata cewa wannan abu ba ganganci ba ne, ba ƙazanta ba, ba kuma aljanu ba. Hana ruwa da riƙe fitsari su ne suka jawo ciwon. A bar yarinya ta sha ruwa, a riƙa kai ta bayan gida kowace awa biyu ko ba ta ji ba, a daina duka, yawancin yara da kansu suke dainawa. Hajo ta fito tana kukan takaici, tana cewa ita da waɗanda suka ɗaura mata kwaɗo duk kanwar ja ce.

Salga da keke

Sau uku ta je wurin hedimasta kan maganar salga, sau uku yana ce mata takarda ta tafi Katsina. Ta sa mai rubutun wasiƙa ya rubuta koke, ta dangwala yatsa, shiru kake ji. A watan Mayu ta ɗauko maginan rijiya biyu daga Mazanya, suka haƙa rami a bayan azuzuwa, ta kewaye shi da zana, ta ajiye randa da buta. Hedimasta ya yi barazanar kai ta gaban alƙali don ta taɓa filin gwamnati. Ta ce bismilla, amma ya fara zuwa ya cike ramin da hannunsa a gaban iyayen yara. Bai zo ba.

Daga nan ta ɗauke kekenta ta kafa shi gindin darbejiyar da ke bakin makarantar, ta ɗinka kayan makaranta na ajiya, launi ɗaya da na kowa. Kowace awa biyu takan tsaya a tagar aji ta kira yara biyar ko shida, Luba a cikinsu, ta ce su zo awo. Malam Ya'u ya ci magani ya gaji, don ba wanda ke son shiga bakin Hajo. A haka mai lalura da marar lalura suke fita tare zuwa salgar, wanda ya jiƙa kaya ya sake a bayan zana, ya koma aji ba wanda ya sani, ita kuma ta wanke ta shanya a gida. Sannu a hankali ta gano ashe ba Luba kaɗai ba ce, yara da yawa ne ke zaune cikin wannan azaba suna ɓoyewa. Matan unguwa masu son jin gulma sun sha tambayarta ko ɗan wa da ɗan wa, amsarta ɗaya ce: "Ni awo na sani."

Lalurar ta rabu da Luba a 1979, ta kammala firamare a 1982, ta wuce kwalejin horon malamai. Malam Ya'u ya ajiye alli tun 1978 ya koma fataucin iyaka, bai taɓa neman gafara ba, Hajo kuma ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. Salgar hukuma kuwa sai a 1985 aka gina ta, kuma ko kunya babu, manya suka zo da jawabi suka buɗe ta.

Rasuwarta

Hajo ta rasu ranar wata Alhamis cikin Maris na 1996 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da huɗu, aka yi mata sutura aka binne ta a maƙabartar Jibiya bayan sallar la'asar. Maza da mata da yawa sun zo ta'aziyya suna zubar da hawaye, dangi ba su san abin da ya haɗa su da ita ba, su ma ba su faɗa ba. Da aka buɗe adakarta, sai aka tarar da takardar shaidar firamaren Luba a naɗe cikin wani ɗan ƙaramin siket. Ita ce takardar da takan miƙa wa baƙi su karanta mata, tana bin layin da yatsa, domin har ta bar duniya ba ta iya karanta ko sunanta ba. Allah ya jiƙanta, ya yi mata rahama.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Lawal, direba a Jibiya, Rabi, tana aure a Kusa, Maimuna, wadda ta gaji keken, sai Malama Luba, shugabar wannan makaranta da aka taɓa tsayar da ita a kan benci. A makarantarta, yaro in ya ɗaga hannu sau ɗaya, ya isa.