Cigiyar 'Yar Iya Ta Zo Bayan Ta Jaki

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na haddace, ba na jin zai taɓa damunar da 'yan mata biyu suka ɓace a Haɗeja cikin mako guda. Ɗaya har yau maroƙa suna waƙarta. Ɗayar kuwa, in na mutu ban san wanda zai tuna an taɓa haihuwarta ba.

Lokacin ina saurayi, ina karatun littattafai a zauren wani malami. Ba ni da magana, in aka tambaye ni abu a gaban jama'a sai gumi ya keto mini. Mahaifiyata ta rasu ina jariri, wata maƙwabciyarmu Babadiya ce ta shayar da ni tare da 'yarta, Iya nake ce mata. Ɗiya ce, ba baiwa ba, kakanninta suna kamun kifi a bakin kogin nan tun kafin a haifi kakana. Sai dai a shekarun nan ana yawan kai hari ƙasar Bade a kawo bayi kasuwa, kuma zanen da ke fuskar bayin shi ne a fuskar Iya da 'ya'yanta.

Wata safiya 'yar'uwar nonon tawa ta ɗauki kwandon bandar kifi za ta kai wani ƙauye a hayin fadama, ba ta dawo ba. Kafin nan da kaɗan an nemi 'yar wani Bafulatani mai sarauta an rasa. Garin ya ɗauka. Mai shela yana bin kasuwa da ƙofofi da gangarsa yana siffanta ta, fara, doguwa, da murjani a wuya. Na ga mata suna hawaye a rumfar hatsi, alhali ba su taɓa ganinta ba. Aka ba da umarni duk mai kwalekwale ko gora ya shiga ruwa nema. Har yayan yarinyar tamu aka tafi da shi, yana cewa shi ma ƙanwarsa ba ta kwana gida ba, ba wanda ya juyo.

Iya ta kama hannuna muka je wajen mai shela. Muka same shi a gindin tsamiya yana cin goro.

Ya ce, "Ɗan malam, yau ka fito daga cikin takarda? Me aka rasa, tawada?"

Na riga na tsara bayanin a raina tun a hanya, don haka na faɗa masa ina kallon ƙasa: tsawonta, wushiryarta, shuɗin zanen da ta ɗaura, tabon ƙugiya a babban yatsanta na hagu, da hanyar da ta bi.

Ya ce, "Ka iya lissafi. Fuskar fa?"

Iya ta ɗaga kai ta nuna tata. Ya daina tauna goron.

"Baba, ki saurare ni. A garin nan, in na buga ganga na ambaci wannan zane, kowa zai ce cigiyar gudajjiyar baiwa nake yi. Wanda ya gan ta ba gidanki zai kawo ta ba, igiya zai nema. In kuma ban ambata ba, baƙar yarinya mai tallan kifi, ai rabin kasuwa ke nan."

Iya ta ce, "To faɗi cewa ɗiya ce."

"Wa zai yarda? Kuma ganga ɗaya ba ta ɗaukar labari biyu. Masu gari sun ce kada in haɗa tasu da komai."

Da kyar, don ya san malaminmu, ya yarda zai saka ta a ƙarshe ba tare da ambaton zanen fuskar ba. Ranar kasuwa muka tsaya muna ji. Ya daɗe a kan 'yar mai sarauta, mutane suna salati. Ya sauke ganga, ya yi cigiyar wani jaki mai yankakken kunne. Sannan ya ce an kuma rasa wata yarinya baƙa mai tallan kifi. Kafin ya kai nan taron ya watse, saura mu da mai jakin.

Bayan kwanaki aka samu 'yar mai sarauta lafiya lau a gidan gwaggonta wajen Auyo, ruwa ne ya yanke hanya ya hana ta dawowa. Aka yi ta kiɗa da guɗa. Yayan yarinyar tamu ya dawo tafin hannunsa duk ya saluɓe, ya wuce fadama ko ruwa bai sha ba. Ambaliya ta riga ta shafe hanyar, ba sawu, ba kwando.

Da kaka wani bafatake ya zo gaida malaminmu, hira ta kawo maganar. Ya ce a waɗancan kwanakin ya haɗu da wani ayari a hanyar yamma, da wata yarinya ɗaure tana ta ihu wai ita 'yar Haɗeja ce, a gaya wa uwarta mai kifi. Na tambaye shi wushirya, ya ce akwai. Na ce me ya hana shi magana?

Ya ce, "Ɗan malam, na ga zanen fuskarta ne. Duk haka suke cewa. Ni dai fara na ji ana nema."

Na gaya wa Iya. Ba ta yi kuka ba, ta tambaye ni ko yamma da nisa. Ta rayu shekaru bayan haka tana tare fatake a bakin ƙofa, har suka gane ta suna kauce mata.

Na karanta a wajen malamai cewa ran ɗan Adam ɗaya ne a wurin Allah, kuma na gaskata. Abin da damunar nan ta koya mini shi ne mutane ba sa neman wanda ya ɓace, wanda aka ce musu ya ɓace suke nema, kuma tun kafin a faɗa an riga an duba fuskarsa.