Rigar Yaya Sambo da Na Warware

Shekara takwas ke nan cif da muka kai yayana, Malam Sambo maɗinki, makwancinsa, amma ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba. Ba kewa kaɗai ta sa ni wannan rubutu ba. Taimako nake nema, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk wanda ya zauna Tudun Wada a zamanin yaƙin Turawa ya san zauren Sambo. Maɗinka shida ne a kan tabarma, da keken ɗinki guda ɗaya wanda ba a yarda ya taɓa babbar riga, sai dai wando da kwat ɗin akawuna. Riga kam aikin hannu ce tun daga yanka har shafi. Ba adon zare ne ya fid da shi daban ba, don akwai waɗanda suka fi shi iya aska takwas a cikin birni. Wuyan riga ne. Rigar kowa, in ka naɗe hannuwanta a kafaɗa ka yi taku goma, sai ta zame. Tasa zama take yi daram, ko da kan doki ko keke kake. Shi kaɗai ke haɗa wuyan, yana fuskantar bango, in ya gama ya sa ɗigon jan zare uku a cikin aljihu.

'Ya'yansa duka mata ne, don haka ni ya nema. Sau uku yana ce mini, "Garba, zo ka zauna kusa da ni wata uku kacal, in zuba maka abin nan." Lokacin na sami aikin akawu a tashar jirgin ƙasa, ina ji da alƙalamina. Na ce masa allura aikin mutanen da ce. Bai yi fushi ba, ya ce Allah ya sa albarka. Ciwon ciki na kwana huɗu ya ɗauke shi, maɗinkan suka watse. Da na sani ƙeya ce.

Yau da ake ta maganar mulkin kai, kowane ɗan majalisa mai zuwa Kaduna rigar Sambo yake so. Har an sami masu tara su. Sun san ta farkon zamaninsa mai zaren tsamiya, sun san ta lokacin yaƙi, sa'ad da alharini ya yi wuya ya koma zaren kaɗin mata, ita ce ma aka fi rububi don ba ta da yawa. Wani Bature malamin kwaleji a nan unguwar Kongo ya sayi biyu ya aika ƙasarsu, wai za a rataye su a bayan gilashi. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Mutumin da in ya ga rigarsa ta koɗe a jikin mai ita sai ya yi murmushi ya ce ta yi aikinta, ina jin da ya ga wannan zamani kai zai girgiza ya koma bakin allurarsa.

Da abin ya tsaya nan da na yi shiru. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu sun gane jan zare ba shi da wuyar sakawa. Ran wata Juma'a na ji wani baƙo a bakin masallaci yana ta gyara rigarsa da ke zamewa, yana cewa, "Ashe Sambon da ake kurantawa ƙaryar banza ce." Na duba aljihun, ga ɗigo uku, amma ko a mafarki Yaya bai taɓa wannan ɗinki ba. Ba ni da ta gaskiya da zan nuna masa. Ko ɗaya Yaya bai bari a gida ba, ni kuma kwat nake sawa a lokacin.

Cikin maɗinkansa mutum ɗaya ya rage a garin nan, Malam Iro, idonsa kuma ya fara hazo. Shi ya ce mini in da zai ga cikin wuyan riga guda a warware, watakila ya gane sirrin ya koya wa wasu. Na tafi wurin wani Alhaji a birni mai guda goma sha ɗaya a adaka. Ya buɗe mini, ƙanshin kafur ya buge ni, na ga hannun ɗan'uwana ninki a kan ninki, ba wadda ta taɓa shan rana. Da na faɗi buƙatata ya rufe adakar a hankali ya ce in gai da gida.

Daga nan na je kantin Mista Okeke, ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo da ya yi shekaru yana kawo wa Yaya yadi da maɓalli. Yaya ya taɓa ɗinka masa farar riga kyauta, ita yake sawa zuwa coci duk Kirsimeti. Ban gama bayani ba ya shiga ciki ya ɗauko ta. Ya ce, "Malam Garba, ɗan'uwanka ya ba ni. In za ta raya aikinsa, ka yanka."

Kwana uku muna warwara da tsinin allura, ni ina riƙe, Malam Iro yana cirewa. A can ciki muka tarar da wani siririn ƙyalle da aka yanka a karkace, zare ɗaya ya bi ta cikinsa ya kewaye wuyan duka. Kafin Iro ya ga inda zaren ya faro, na ja yadin da ƙarfi, na tsinke shi. Wuyan ya saki gaba ɗaya. Sau huɗu Iro yana mayarwa, sau huɗu rigar na zamewa, har yadin ya fara zarewa. Na ƙunshe ta a zane na mayar wa mai ita. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko mun gane. Na ce saura kaɗan. Ya ce to, ya juya ya ci gaba da auna wa wata mata atamfa, bai sake ɗago kai ba.

To me ya rage na Sambo? Sunansa na yawo a jikin rigunan da bai ɗinka ba, nasa na gaskiya suna kulle suna jiran asu, abin da ke kansa kuma ya tafi da shi saboda girman kaina. Malam Iro ya rantse yanzu ya san inda zai duba, riga ɗaya kawai yake buƙata, idonsa kuwa ban ce zai kai wata damina ba. Don girman Allah, wanda ke da ta gaskiya, ko tsohuwa ce, ko ta yage, ya tambayi Garba akawu a tashar jirgi. Ba zan yi muku alkawarin za ta dawo yadda take ba, na riga na kashe guda. Allah ya haskaka kabarin Yaya, ni kuma ya ba ni wanda zai yarda da ni sau ɗaya.